Jijiyar Jini Ba Tiyo Ba Ce

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai fiɗa ranar layya, ya ga lokacin da aka ciro zuciya da huhu a haɗe, ya riga ya ga darasin farko na wannan fanni ko da bai lura ba. A saman zuciyar ragon akwai wata jijiya fara-fara mai kauri, wadda ko an yanke ta bakinta na nan a buɗe. In ka ja ta ta miƙe, in ka sake ta ta koma. A gefenta kuma akwai wata mai duhu, mai laushi, wadda da zarar jini ya tsiyaye sai ta manne kamar ledar da aka zazzage. Ta farkon ke fitar da jini daga zuciya, ta biyun ke maido shi. Bayan an yi suya ma, ta farkon ce ke ba haƙori wahala.

Mu da Hausa duk jijiya muke ce musu. Kai, har igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, farin zaren da ke kai saƙon zafi daga yatsa zuwa ƙwaƙwalwa shi ma jijiya. Larabci ya raba su, yana da shiryan da warid da asab. Ban ɗauki wannan gazawar harshe ba, domin kowace al'umma tana raɗa suna ne gwargwadon abin da ido ya nuna mata. Sai dai yana da illa a ɗakin likita: mutum ya ce ciwon jijiya yake, sai an yi ta tambaya kafin a gane wacce yake nufi. A nan, mai fitar da jini zan ce mata jijiyar kaiwa, mai komo da shi jijiyar maidowa, siraran da ke tsakaninsu kuwa kafilari, yadda ɗaliban kimiyya suka saba kiransu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoton da yawancinmu muke da shi a ka: zuciya injin ban-ruwa, jijiyoyi kuma tiyo. Rabin hoton gaskiya ne. Amma tiyo mataccen abu ne, abin da aka tura masa shi yake wucewa da shi. Bangon jijiya kuwa yana da rai. Yana jin gudun jini, yana matsewa, yana saki, yana zaɓen abin da zai fita da abin da zai tsaya, in ya yage ya ɗinke kansa. Kuma cututtukan da suka fi cika mana asibitoci da maƙabartu, zazzaɓin cizon sauro, sikila, hawan jini, suga, jijjigar masu ciki, duk a jikin wannan bango suke ɓarnarsu, a wurin da silin gashi ma ya fi shi kauri.

An daɗe ba a san da wurin ba. Galen, likitan zamanin Rumawa da ya rayu a ƙarni na 2, ya koyar da cewa hanta ke ƙera jini gaɓoɓi su shanye, kuma wani ɓangarensa yana ratsa wasu ƙofofi a katangar da ta raba zuciya biyu. Fiye da shekara dubu ana karantar da haka. A ƙarni na 13 Ibn al-Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙ ya yi aiki a Alƙahira har ya rasu a 1288, ya ce sam, katangar nan ba ta da ƙofa. Dole jini ya tashi daga ɓangaren dama ya bi ta huhu kafin ya shiga hagu, kuma dole akwai wasu 'yan mashigai a cikin huhun da suka haɗa jijiyar da ta shigar da shi da wadda ta fitar. Hankali ne ya kai shi can, domin babu madubin likita a zamaninsa. Maganar tasa ta shige duhu har 1924, sa'ad da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Balin.

William Harvey na Ingila da lissafi ya zo. A littafinsa na 1628 ya ƙiyasta jinin da zuciya ke fitarwa a bugu ɗaya, ya ninka shi da yawan bugun rabin awa, sai ya ga abin ya zarce duk jinin da ke jikin mutum nesa ba kusa ba. Babu abincin da zai samar da wannan, ashe jini ɗaya ne ke ta kewaya. To amma ta ina yake tsallakawa daga jijiyar kaiwa zuwa ta maidowa? Harvey ya rasu a 1657 bai gani ba. Bayan shekara huɗu, a 1661, Marcello Malpighi, wanda aka haifa a shekarar da littafin Harvey ya fito, ya ɗora huhun kwaɗo ƙarƙashin madubi a Bolonya ta Italiya, ya ga raga ta siraran hanyoyi ta haɗa ɓangarorin biyu, jini na bin cikinta ba tare da ya zuba waje ba. Gani ya kori ji.

Yau idan aka yanko jijiya a kwance, aka rina ta, aka sa a madubin likita, zobe uku ake gani, wani cikin wani. Na can ciki shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta masu faɗi, layi ɗaya rak, jere kamar tayil, zaune kan wata siririyar tabarma. Masana na ce mata endotiliyom. Na tsakiya tsoka ce da ta naɗe jijiyar kamar rawani, gauraye da zaren danƙo. Irin tsokar nan ba ta bin umarnin mai ita, ba wanda zai ce bari in matse jijiyar ƙodata. Na waje kuma riga ce mai ƙarfi ta zaren kolajin, ita ke ɗaure jijiya da maƙwabtanta ta hana ta fashewa. A manyan jijiyoyi bangon ya yi kaurin da jinin da ke gudana a ciki ba ya iya ciyar da shi duka, don haka rigar wajen tana da nata 'yan jijiyoyin. Jijiya ma da jijiyarta.

Tsarin ɗaya ne ko'ina, rabon ne ya bambanta, kuma rabon ke faɗa maka aikin kowace. Uwar jijiyoyi, ayota, wadda faɗinta a baligi ya kai santimita biyu da rabi zuwa uku, tsakiyarta kusan duk danƙo ne, falle kan falle har hamsin ko fiye. Dalili kuwa zuciya ba zuba jini take ba, watso shi take, ta huta, ta sake watsowa. Da bangon ƙarfe ne, da gaɓoɓi sun riƙa samun jini a guntule. Amma sai ayota ta buɗe ta karɓi abin da aka watso, lokacin da zuciya ke hutawa kuma ta koma kamar danƙon harbin tsuntsu, ta ci gaba da tura shi. Lambobi biyun da ma'aikaciyar jinya ke faɗa maka, 120 bisa 80, labarin wannan ne: ta sama ƙarfin watsowa, ta ƙasa abin da danƙo ya riƙe kafin bugu na gaba. Wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, shi ya fara auna wannan ƙarfi. Ya haɗa dogon bututun gilashi da jijiyar goɗiya, jini ya hau sama da ƙafa 8, ya kuma wallafa sakamakon a 1733. Abin tausayin shi ne yawancin danƙon nan tun a ciki da ƙuruciya jiki ke saƙa shi, ba ya sabunta shi sosai daga baya. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, wato wajen sau biliyan biyu da rabi kafin mutum ya cika saba'in. Danƙo ya gaji, bango ya sandare, shi ya sa lambar sama ke hawa a wajen dattawa.

Da jijiya ta yi nisa da zuciya sai danƙo ya ragu tsoka ta ƙaru, har a iso ƙananan jijiyoyin kaiwa, waɗanda faɗinsu bai wuce na gashi ba, da zoben tsoka ɗaya ko biyu. A nan mulki yake. Wanda ya san noman rani a Kadawa ko Kura zai gane da sauri: ruwa daga Tiga yake tasowa, ya bi babbar hanya, ya rarrabu, amma wanda ke yanke hukuncin fangalin da zai sha yau shi ne manomin da ke tsaye da fartanya, ya buɗe nan ya toshe can. Jinin mutum lita biyar ne ko kusa da haka, ba zai ishi ko'ina a lokaci ɗaya ba. Bayan an ci tuwo sai a buɗe wa hanji. In an shiga gona a buɗe wa tsokar hannu da ƙafa. A tsakiyar bazara a buɗe wa fata don zafi ya fita, shi ya sa wanda ya sha rana bai sha ruwa ba, in ya miƙe zumbur sai ya ga jiri, domin na kai ya ragu. Wani likita Bafaranshe, Poiseuille, ya gano a shekarun 1840 cewa ƙaramin canji a faɗin siririn bututu yana kawo babban canji a abin da ke wucewa: a rage faɗin da rabi, ruwan ya ragu sau 16. Ko da kashi ɗaya cikin biyar aka rage, fiye da rabin ruwan ya tafi.

Hawan jini a nan yake kwana. Idan miliyoyin waɗannan ƙofofi suka ɗan tsuke a tare, ƙarfin da ke bayansu sai ya hau. Bango kuma ya mai da martani yadda tafin hannun manomi ke yin kanta: ya ƙara kauri, hanya ta ƙara tsukewa, ƙarfi ya ƙara hawa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan rassa da suka tsiro kai tsaye daga babbar jijiya, ba wani abin da ke rage musu ƙarfin. Su ne kan toshe ko su fashe, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. A ƙoda ɓarnar a hankali take, shekara da shekaru. Kuma duk wannan ba ya zafi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mai hawan jini ya ce ya ajiye magani saboda yanzu ba ya jin komai. Dama tun farko ba abin ji ba ne, abin awo ne.

Sai kafilari, inda aka tuɓe tsoka aka tuɓe riga, ba abin da ya rage sai shimfiɗar ciki da tabarmarta. Ma'aunin wurin maikuromita ne, wato milimita ɗaya a raba ta dubu. Gashin kai yana kai wajen saba'in. Kafilari biyar ne zuwa goma. Jar ƙwayar jini bakwai ce zuwa takwas, don haka sau da yawa sai ta lanƙwasa kanta kafin ta shige, kuma ɗaya bayan ɗaya suke bi kamar tumaki a ƙofar garke. Jinin da ya baro zuciya a guje, a nan ba ya cin ko milimita ɗaya a daƙiƙa. Jinkirin da gangan ne, domin nan ce kasuwar: a sauke iskar oksijin da sukari, a ɗauki dattin da gaɓa ta tara. Duk sauran, zuciya da ayota da komai, hanyar zuwa kasuwa ne. Ban da wurare kaɗan irin guringuntsi, da wuya ka sami ƙwayar halitta a jiki da ta yi nisa da kafilari fiye da kaurin gashi ɗaya ko biyu.

A littattafai da yawa za ka ga an ce in an jera jijiyoyin mutum ɗaya za su kai kilomita 100,000. Adadin ya samo asali ne daga ƙiyasin August Krogh na Denmak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1920 kan aikinsa a kafilarin tsoka. Waɗanda suka sake lissafin a 'yan shekarun nan sun sami abin da bai kai rubu'in hakan ba. Har ra'ayinsa na cewa yawancin kafilarin tsoka a rufe suke sai an fara aiki, yanzu akwai masu ja da shi, bayan sun kalli tsokar dabba mai rai sun ga jini na bin mafi yawansu ko tana hutawa. Wannan bai rage darajar Krogh ba, kuma ko dubu goma ne, abin ya isa a jinjina kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowace gaɓa ta saƙa kafilarinta daidai buƙatarta, abin da ba a gani sosai ba sai da madubi mai aiki da lantarki ya zo a tsakiyar ƙarni na 20. Na hanta da saifa da ɓargo kamar kwando suke, da manyan giɓi, domin a ɓargo sabuwar ƙwayar jini sukutum ke shigowa ta bango. Na ƙoda kamar rariya, cike da ƙananan huji. Kowace ƙoda tana da ƙullin kafilari kusan miliyan, kuma su biyun suna tace wajen lita 180 a rana, kusan cikin duro, sannan jiki ya sake tsotse kusan duka ya bar lita ɗaya da rabi ta fitsari. Rariyar ba ta barin furotin ya wuce, don haka in likita ya ga furotin a fitsari ya san ta fara yagewa. Na huhu sun yi sirantar da tsakanin iska da jini bai kai maikuromita ɗaya ba. Na ƙwaƙwalwa kuwa katanga ce ba ko tsaga, ƙwayoyin a ɗinke suke da juna. Paul Ehrlich a Jamus ya ga alamar haka tun 1885: ya yi wa dabba allurar rini, gaɓoɓi suka rine, ƙwaƙwalwa ta fito fes. Katangar tana tsare ƙwaƙwalwa daga guba, amma tana tare magunguna da yawa, shi ya sa ba kowane maganin ƙwayoyin cuta ke aiki a kan sanƙarau ba.

Bangon da ke barin abu ya fita dole ya yi yoyo. Ernest Starling ya bayyana a 1896 cewa ƙarfi biyu ke ja-in-ja a nan: matsin jini na tura ruwa waje, furotin ɗin da ke cikin jini, musamman albumin da hanta ke yi, na riƙe shi. Rarar da ta fita wasu hanyoyi na daban ke kwashe ta, su bi da ita ta kaluluwa su mai da ita cikin jini. Kumburi alama ce ta cewa wannan ma'auni ya karkace, kuma ta fuska da yawa yake karkacewa: zuciya ta gaza, ko ƙoda na zubar da furotin, ko hanta ta daina yin sa, ko tsutsa ta toshe magudanar kamar a tundurmi. Ƙafa biyu masu kumburi iri ɗaya, ciwo huɗu daban-daban. Mai sayar da maganin kumburi guda ɗaya a bakin tasha bai san wanne yake bai wa magani ba.

Wanda ke son ganin amfanin waccan siririyar tabarma ya tambayi mutanen Kaltungo a Gombe, inda ake jinyar saran maciji. Dafin kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, aiki biyu yake yi a tare: ya cinye sinadaran daskarar da jini, ya kuma narkar da tabarmar da kafilari ke zaune a kai. Sai jini ya fara fita ta dasashi, ta tsohon miki, wani lokaci a cikin kai. Gwajin da ake yi, a zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20 a ga ko ya daskare, yana da tushe a aikin da David Warrell da abokansa suka yi a Zariya a shekarun 1970.

Ita kanta shimfiɗar ciki an daɗe ana yi mata kallon fenti, abin da aka shafa don jini ya zame. Kuskuren wani ma'aikaci ne ya fito da darajarta. Robert Furchgott a Niyok ya yi shekaru yana mamakin wani sinadari da ke buɗe jijiya a jikin dabba mai rai, amma in an zuba shi kan yankin jijiyar zomo a ɗakin gwaji sai ta matse. Wata rana aka yi gwajin ba bisa tsarin da aka saba ba, sai jijiya ta saki. Da aka bi diddigi, ashe duk shekarun nan wajen yanka jijiyar hannu na goge shimfiɗar ciki ba a sani ba. In tana nan, tsoka ta saki. In an goge ta, ta ƙi. Ya wallafa wannan a 1980, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma aka tabbatar cewa saƙon da shimfiɗa ke aika wa tsoka iska ce, naitirik okzaid, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take ɓacewa. A 1998 aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel. Da haka aka gane yadda naitirogilisarin, ƙwayar da masu ciwon zuciya ke sawa ƙarƙashin harshe tun ƙarni na 19, ke aiki: a jiki takan saki wannan iskar.

Daga nan ayyukanta suka yi ta bayyana. Ita ke hana jini daskarewa a cikin hanya, kuma da an sami rauni ita ke sakin abin da zai sa ya daskare. Idan ƙaya ta soki yatsa, ita ke fito da wasu 'yan ƙugiyoyi su riƙe fararen ƙwayoyin jini, su gangara a hankali a jikin bango, su kutsa ta tsakanin tayil su fita fagen fama. Ja da zafi da kumburin da ake gani a wurin aikinta ne. Tana jin gudun jini: inda yake tafiya sumul takan zauna lafiya, inda yake juyi kamar a mararrabar jijiyoyi takan raunana. A irin wuraren ne kitsen kolestarol ke kutsawa ƙarƙashinta, farare su bi shi su haɗiye su mutu a wurin, tudu ya taso. Don haka maganar cewa kitse ya toshe jijiya kamar yadda maiƙo ke toshe kwata ba daidai take ba. A cikin bango yake taruwa, ranar da tudun ya fashe kuma jini ya daskare a kansa cikin mintuna. Hayaƙin taba da yawan sukari a jini su ne manyan maƙiyanta. A mai suga tabarmar kafilari kan yi kauri amma ta riƙa yoyo, ido ya dushe, ƙoda ta lalace, tafin ƙafa ya daina ji. A mai ciki kuwa, jijiyoyin mahaifa ya kamata su zubar da tsokarsu su buɗe sosai don mabiyiya ta ƙoshi. In hakan bai kammala ba, mabiyiya mai yunwa takan saki abubuwan da ke ƙona shimfiɗar uwa a duk jiki. Jini ya hau, furotin ya fito a fitsari, fuska ta kumbura, in ba a tare ba a kai ga jijjiga. Awon ciki don kama wannan tun yana ƙarami aka kafa shi.

Jijiyoyin maidowa ba zan daɗe a kansu ba. Bangonsu siriri ne, cikinsu da faɗi, kuma su ne rumbu: kusan kashi biyu cikin uku na jini a cikinsu yake a kowane lokaci. Daga ƙafa zuwa zuciya hawa ne, ƙarfin bugu kuma ya ƙare, sai aka sa musu 'yan aljihuna bibbiyu masu barin jini ya hau su hana shi komowa, tsokar sha-raɓa kuma tana matsa su duk taku. Mai doguwar tafiya a mota ko majinyacin da ya daɗe a kwance ya rasa wannan famfo, jini na iya daskare masa a ƙafa. Kana iya ganin aljihun da idonka: saukar da hannu har jijiyar bayansa ta taso, danne ta da yatsa ɗaya, ka share jinin zuwa sama da wani yatsan. Za ta zauna a lotse har sai ka ɗaga yatsan farko. Irin gwajin da aka zana a littafin Harvey ke nan.

Na bar cututtuka biyu don ƙarshe saboda namu ne. Nijeriya kaɗai ke ɗauke da wajen rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, Nijar ma na cikin ƙasashen da ya fi kashe yara. Mugun nau'in ƙwayar, falsifarom, in ta girma cikin jar ƙwayar jini, takan san cewa in ta bi ta saifa za a kama ta. Sai ta fito da wasu ƙuraje masu danƙo a bayan ƙwayar, ta manne a shimfiɗar kafilari da ƙananan jijiyoyin maidowa ta ƙi motsi. In dubbai suka yi haka a ƙwaƙwalwar yaro, hanya ta cushe, katanga ta fara yoyo, ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai taune-taune da doguwar suma. A mai ciki, a mabiyiya suke taruwa, jariri ya fito ƙarami. Kuma tun da manyan sun ɓuya a bango, abin da aka gani a ɗigon jinin yatsa bai cika nuna yawansu ba. Likitoci a Bulantaya ta Malawi sun nuna cewa ana iya leƙa bayan idon yaron da ya suma a ga ɓarnar ƙuru-ƙuru: fararen tabo, ɗigon jini, jijiyoyin da suka sauya launi. Tantanin bayan ido ɗan'uwan ƙwaƙwalwa ne, abin da ke can shi ke nan.

Sikila kuwa, wadda wasu ke kira amosanin jini, ciwon jini ce da ta zama ciwon jijiya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da rabin gadonta, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara. Gadon ya yaɗu ne saboda mai rabi yana samun kariya daga mugun zazzaɓi, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. A mai cikakken gado, da himogulobin da ke cikin jar ƙwayar jini ya sauke oksijin sai ya sandare, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje. Ka tuna sai ta lanƙwasa kanta take shiga kafilari. Wannan ba ta iyawa, ga ta kuma da manne wa bango. Sanyin hunturu ya tsuke hanya, ƙishirwa ta kaurara jini, zazzaɓi ya tayar da ƙugiyoyin shimfiɗa, sai cunkoso, ƙashi ya rasa iska, yaro ya yi ta ihu. Ƙwayar lafiyayye na kwana 120, ta mai sikila 10 zuwa 20. In ta fashe, abin da ta zubar yana shanye naitirik okzaid, jijiya ta kasa saki. Shekara da shekaru na wannan gurzawa kan tsuke har manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kusan yaro ɗaya cikin goma ya sami shanyewar ɓarin jiki kafin ya girma in ba a yi komai ba.

Ana iya kama wannan kafin ya auku. Ruwa in ya zo matsattsen wuri gudu yake ƙarawa, jini ma haka. Akwai na'ura mai aiki da sauti da ake ɗora wa yaro tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ke da siranta, ta auna gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. A Amurka an nuna a 1998 cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100, amma ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyalanmu da ma'ajiyar jininmu. Shi ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan irin yaran nan. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙasa sosai a cikinsu in aka kwatanta da abin da aka sani ga yaran da ba a ba komai ba, kuma ƙaramin awo na maganin bai gaza matsakaici ba wajen wannan kariya. Awon da na'urar ba ya buƙatar allura, ba ya zafi, yaro na kwance uwarsa na riƙe da hannunsa ake yin sa, kuma daga shekara biyu ake farawa.